Filin Aikin Hannu: Sa wa Mota Jiniyar Tsaro da Kanka

Cikin wasiƙun da suka iso akwai ta wani ɗan'uwa wanda yake jigilar hatsi da fasinja tsakanin Gangara da Sabon Birni da Isa. Ya ce ya sayo jiniyar tsaro ta mota, irin wadda ake ce wa alam, tana nan cikin kwalinta, amma mai gyaran wayar mota yana da nisa, hanya kuwa ba kullum take biyuwa ba. Tambayarsa ita ce, ko mutum ya iya ɗaura ta da hannunsa?

Amsa ita ce i, ya iya, in yana da haƙuri da mita da yini guda. Amma kafin mu kama waya, bari mu fara da abin da takardar cikin kwalin ba za ta gaya maka ba, gama waɗanda suka rubuta ta ba su san Gangara ba.

Jiniyar mota maganin ɓarawon dare ce. Watau wanda yakan lallaɓo ya kwance batir, ya zare rediyo, ya zuƙe mai, ko ya sauke buhun gero daga bayan mota, ko kuma ya tura motar ya fice da ita kana barci. Irin wannan ɓarawo tsoron ƙara yake yi, domin ƙarfinsa duka a cikin shiru yake. Jiniya ba maganin mai bindiga ba ce. Mutanen ƙasar Gobir ba su bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Ba a manta da watan Disamba na 2021 ba, sa'ad da aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka rasu. Iyalai da yawa daga Sabon Birni da Isa sun ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. A wuri irin wannan, abin da aka fi bukata ga mota shi ne ta tashi nan take ran da aka neme ta, ko da tsakar dare ne, ko matar gida ce naƙuda ta kama, ko kuwa gudu ne ya zama tilas. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa ma'auninsa ɗaya ne: kada abin da ka ɗaura domin ya hana ɓarawo ya zama shi ne ya hana ka.

Har wa yau, ka tuna da maƙwabta. A birni jiniya takan yi ta kuka ba wanda ya ɗaga kai. A garin da mutane suke kwana da kunne ɗaya a buɗe kuwa, ƙarar da ba a saba ji ba da ƙarfe biyu na dare tana iya fitar da mata da yara zuwa daji, a karya ƙafa a banza. Ran da ka gama aikin, ka kira mai unguwa da maƙwabta da samarin da suke tsaron gari, ka kunna musu da rana su ji muryarta, su san ta motar wane ce.

To, motarka tana bukatarta kuwa? Dubi makullinka. In kansa baƙin roba ne mai kauri, kuma akwai wata 'yar fitila mai hoton makulli da takan haska a gaban direba, to, mai yiwuwa ne motar ta zo da nata tsaron daga kamfani. A cikin robar akwai ɗan ƙaramin abu da yake gaisawa da ƙwaƙwalwar injin, in ba su gane juna ba injin ba ya tashi. Tun 1998 doka ta tilasta sa wannan a sababbin motoci a Jamus da Ingila, saboda haka yawancin motocin da aka kawo daga Turai ta Kwatano, waɗanda aka ƙera bayan wannan shekara, suna da shi. Wani bincike da masana biyu na ƙasar Holan suka buga a 2016 ya nuna wannan dabara ta rage satar mota da kamar kashi 40 cikin 100. Mai irin wannan mota ba ya bukatar yanka wata waya domin hana injin tashi. Jiniya kaɗai zai ƙara, saboda batir da kaya. Amma tsofaffin dawakanmu, irin su Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da Golf ta biyu, da tsohuwar Carina da Starlet da Hilux, su ne ɓarawo yakan tasa da guntuwar waya. Sa'a kuwa, su ne kuma suka fi sauƙin aiki. In motarka sabuwar yayi ce, mai allo da maɓallin tashi, shawarata ka bar ta sai ka sami gwani. Irin waɗannan suna aika saƙo tsakanin sassansu ta wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe tare kamar igiya, taɓa su da jahilci yana iya lalata ƙwaƙwalwar da kuɗinta ya ninka na alam sau da yawa.

A cikin kwalin za ka tarar da ɗan akwatin ƙwaƙwalwa, da jiniya, da rimot biyu, da tarin wayoyi, da wata 'yar jar fitila, da abin jin girgiza, da rile guda, watau ɗan baƙin akwati mai ƙafafu wanda yake buɗe hanyar wuta ya rufe. Masu kyau sukan zo da wani ƙaramin maɓalli na ɓoyewa. In naka ba shi da wannan maɓalli, kuma takardar ba ta nuna wata hanyar kashe alam ba tare da rimot ba, kada ka ɗaura shi. Mayar da shi ga mai kanti, ko da a Ƙofar Ruwa ta Kano ka sayo, ko a Maraɗi. Araha ba ta ado.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba, da filaya, da wuƙa mai kaifi, da baƙin tef mai kyau, da darma da ƙarfen narka ta, da mita mai nuna lamba. A kan mitar nan ba na sassautawa. Masu gyara da yawa sukan yi amfani da ƙwan fitila da guntuwar waya, wasu ma sukan goga waya a jikin ƙarfe su ga tartsatsi. A 504 wannan yakan wuce lafiya. A motar da take da ƙwaƙwalwa ko jakar iska, ƙwan fitila yana jan wuta fiye da abin da siraran hanyoyin za su ɗauka. Mita kuwa tana aunawa ba tare da ta ja wutar kirki ba.

Sauke gilashin ƙofar direba tukuna, ka sa makulli a aljihu, domin alam yakan kulle ƙofofi da kansa da zarar ya sami wuta. Sa'an nan ka kwance kan batir mai alamar ɗebewa. Shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa daga ƙarshe, dalili kuwa, in sifana ta taɓa jikin mota kana kwance shi ba abin da zai faru, amma in ka fara da mai alamar tarawa sai tartsatsi. In rediyon motarka mai neman lambar sirri ne bayan an cire batir, ka tabbata kana da lambar. Jira kamar minti biyu ko uku kafin ka taɓa kome a ƙarƙashin sitiyari, gama jakar iska takan riƙe sauran wuta na ɗan lokaci. Duk wayar da ka gani cikin rigar rawaya, ko mai soket rawaya, ta jakar iska ce. Kada ka auna ta, kada ka fere ta, kada ka ja ta. Jakar nan in ta fashe kana sunkuye a gabanta, tana iya karya wuya.

Yanzu ga inda aikin yake. Cire robar da ta rufe wuyan sitiyari, za ka ga wayoyi masu kauri suna fitowa daga bayan ramin makulli. Takardar kwalin za ta gaya maka launin wayoyin alam, galibi ja ta wuta, baƙa ta jikin mota. Amma ba za ta gaya maka launin wayoyin motarka ba. Kada kuma ka dogara ga abin da wani ya ce, wai a tasa motar fara ce. Motocinmu sun bi ta hannuwa da yawa, kowane mai gyara ya bar nasa tabo. Mita ce za ta faɗi gaskiya.

Mayar da kan batir na ɗan lokaci. Juya mitar zuwa awon wutar batir, a kan lamba 20. Baƙin tsinkenta ka manna shi a ƙarfen jikin mota inda babu fenti, jan kuwa ka riƙa taɓa bayan kowace waya a soket. Wayoyi huɗu za ka rarrabe. Ta fari tana nuna bolt 12 ko da makulli yana aljihunka, wannan ita ce mai wuta kullum. Ta biyu ba ta nuna kome sai an murɗa makulli fitilun gaban direba sun kama, kuma tana riƙe da wutarta har lokacin da sitata take juyawa. Ita alam yake bukata domin ya san mai mota ya shiga. Ta uku tana kama da ita ƙwarai, amma da zarar sitata ta fara juyawa sai ta koma sifiri, wannan ta rediyo ce da fanka, bar ta. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, don haka ka sa wani ya murɗa maka makulli kai kuwa idonka yana kan mita, giya tana firi, birkin hannu a ɗaure. Ta huɗu ba ta samun wuta sai a daidai ɗan lokacin da ake tada injin, ita ce wayar sitata. Kowace ka gane, ka liƙa mata 'yar takarda ka rubuta sunanta. Ina gaya wa 'yan ajina, abin da ba a rubuta ba an ba iska ajiyarsa.

Sauran ta ƙofa. Nemi wayar da take fitowa daga ɗan maɓallin da ƙofa take dannewa, wanda yake kunna fitilar rufi. Auna ta ƙofa a rufe, sa'an nan a buɗe. In tana nuna 12 a rufe, ta faɗi kusan sifiri a buɗe, to, mai aiki da ɗebewa ce, haka yawancin motocin Japan suke. In akasin haka ne, mai aiki da tarawa ce. Alam yakan zo da waya dabam domin kowane iri, ɗaya za ka haɗa, ɗayar ka naɗe bakinta. Buɗe kowace ƙofa bi da bi ka gani ko duk suna motsa mitar. A tsofaffin motocin haya sau da yawa maɓallan baya sun daɗe da mutuwa saboda ƙura da tsatsa. In ba ka gyara su ba, ka tsare ƙofa ɗaya ke nan ka bar uku. Kada ka manta da bonet. Tun da batir ne ɓarayin ƙauye suka fi so, ɗan maɓalli na bonet ya fi kusan kome amfani, kuma rami ɗaya ne kawai za ka huda.

In ka gama awo, sake cire kan batir kafin ka fere ko ka yanka.

Ga maganar fis, wadda ita ce tsakanin mota da toka. Batirin mota ƙarami ne a ido, amma yana iya turo amfiya ɗaruruwa a lokaci guda, da haka yake juya injin. In siririyar wayar alam ta goge a bakin ƙarfe ta taɓa jikin mota, duk wannan ƙarfi zai bi ta cikinta, ta yi ja cikin 'yan daƙiƙu, robarta ta kama, kuma a bayan dashbod take inda hannu ba ya kai. Aikin fis shi ne ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Amma ba ya tsaron abin da yake bayansa, sai abin da yake gabansa. Saboda haka wurin zamansa shi ne daf da inda ka ɗebo wutar, kada ya wuce taƙi guda. In fis ɗin da ya zo da alam yana can kusa da akwatin ƙwaƙwalwa, kai kuwa ka ƙara waya kamu biyu domin ta kai, to, kamu biyun nan ba su da mai tsaro. Matso da shi, ko ka ƙara wani. Girmansa shi ne wanda takarda ta faɗa, yawanci 10 ko 15. A irin fis masu ƙafa biyu na roba, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. In ya ƙone, yana gaya maka ne akwai ciwo a wani wuri. Wanda ya naɗa masa zaren waya ko takardar sigari ya toshe bakin mai ba shi labari. Na sha ganin wannan a tasha, kuma kullum mai yi yakan ce na yau ne kaɗai.

Haɗin waya ma haka. Murɗa waya biyu a naɗe da tef yana aiki a ranar farko. Amma hanyoyinmu gargada ce, zafin Afrilu kuwa yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Tef mai araha yakan narke ya zame, haɗin ya saki. Hanyar da ta dace ita ce ka fere robar wayar mota kamar faɗin yatsa ba tare da ka yanke ta ba, ka raba zaren da tsinke, ka zura bakin wayar alam ta ciki, ka naɗe, sa'an nan ka zuba darma har ta shige. Inda babu lantarki, ƙarfen darma da ake gasawa a garwashi ya isa, sai dai a ajiye murhun nesa da mota. Baƙar wayar alam kuwa ka ɗaure ta da noti a ƙarfen da ka kankare har ya yi haske. Rabin haukan da alam yake yi da dare daga sakakkiyar baƙar waya yake fitowa. In waya za ta ratsa bangon da ke tsakanin injin da ɗaki, bi da ita ta ramin da yake da roba, kada ta kwanta a kan bakin ƙarfe.

Yanzu sai rile, kuma a nan nake roƙo a karanta a hankali. Juya shi za ka ga lambobi a gindin ƙafafunsa: 30, 85, 86, 87, da 87a. Ƙafa 85 da 86 su ne na ɗan maganaɗisun da ke ciki. Sa'ad da maganaɗisun ba shi da wuta, 30 tana haɗe da 87a. In ya sami wuta sai ya raba su. To, sai ka yanke wayar sitata, ɓangaren da ya fito daga makulli ya tafi 87a, ɓangaren da ya nufi injin ya tafi 30. Ƙafa 86 ta ɗebi wuta daga waya ta biyu da muka gano, 85 kuwa ta tafi ga wayar alam da aka tanada domin wannan. Ƙafa 87 ba ta da aiki, rufe ta. Ka lura da hikimar wannan shiri. Hanyar sitata a haɗe take kullum, ba ta rabuwa sai alam yana tsaro kuma wani ya murɗa makulli. In akwatin alam ya mutu, ko fis ɗinsa ya ƙone, ko ka fizge shi ka jefar, motar za ta tashi kamar dā.

Amma yawancin alam masu araha takardarsu ba haka ta ce ba. Takan nuna a yanke wayar da take riƙe da injin yana aiki, domin a sami abin da masu talla suke yabo ƙwarai, wai in an ƙwace maka mota sai ka danna rimot, ko kuwa ita da kanta ta ƙirga daƙiƙu, sa'an nan ta mutu a hannun ɓarayi. A kan takarda abin yana da daɗi. A kan hanyar Isa ina ganinsa tarko ne. Ka yi tunani: mutane ɗauke da bindigogi sun karɓi mota, sun yi tafiyar da ba ta kai jifa biyu ba, sai ta tsaya tana kururuwa, kai kuwa kana nan tsaye da iyalinka, ko ma kuna cikinta. Wa za su juyo wa? In an tare ka, ba da makulli. Garin neman gira kada a rasa ido. Ban da wannan ma, rile abu ne da yakan lalace, haɗi yakan saki. In a kan wayar injin yake, ran da ya saki kana gudu sai injin ya ɗauke, sitiyari ya yi tauri, birki ma ya yi tauri bayan taku biyu ko uku. In a kan wayar sitata yake, mafi munin abin da zai faru shi ne ka nemi masu turi. Don haka ko da takarda ta ce a yanke wayar injin, ni dai na ce a mayar da yankan kan wayar sitata, in kuma akwai hanyar kashe wancan shiri na ƙwace a cikin saitin, a kashe shi.

Wani zai ce, Malam, ai motar da take da giyar hannu in an hana sitata, ɓarawo sai ya haɗa waya ya tura ta ta tashi. Gaskiya ne. Amma turi yana son mutum biyu ko uku da fili, jiniya kuma tana kuka a kansu. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya iya ƙara maɓalli na hannu a ɓoye, mai ƙarfi, wanda ba ya motsi da girgiza. A mota mai famfon mai na lantarki a sa shi a kan siririyar wayar da take kunna rile na famfon, ba a kan mai kaurin ba. A 504 da makamantanta, inda injin ne yake juya famfon, a sa shi a kan wayar da take kai wuta koyil. Sharaɗi ɗaya ne: duk babban da ke gidan ya san inda yake.

Sauran aikin ba wuya. Akwatin ƙwaƙwalwa ya hau can sama a bayan dashbod, a ɗaure shi tam, ba a ƙarƙashin sitiyari inda ɓarawo zai fara laluba ba, kuma nesa da feda. Jiniya ta zauna a ɗakin injin, nesa da bututun hayaƙi, bakinta yana duban ƙasa domin kada ruwan damina da na wanki su taru a ciki, a inda hannu ba zai kai ta ƙarƙashin mota ba. Wayoyin fitilu su tafi ga tarafiketa ko ƙananan fitilu yadda takarda ta nuna. Maganar kulle ƙofofi da rimot kuwa, in motar ba ta zo da shi ba, ina ganin a bar shi. Ƙawa ce, kuma tana ƙara wayoyi masu ratsa ƙofa, waɗanda su ne suka fi saurin karyewa. Masu Golf ta uku su sani nasu makullan da famfon iska suke aiki, haɗinsu dabam ne.

Abin jin girgiza yana da ɗan sukuru na saiti. Kowa yakan so ya murɗe shi har ƙarshe. Kada ka yi. Akuya za ta hau bonet, jaki zai soshe jikinsa, tsawa za ta faɗi, babbar mota za ta wuce, kowanne sai kuka. Bayan mako guda maƙwabta sun daina fitowa, ran da ɓarawo ya zo kuwa sai su gyara kwanciya. Fara daga ƙasa, ka bugi ginshiƙin ƙofa da tafin hannu da ɗan ƙarfi, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har ya amsa wa bugu, amma ya yi shiru in yaro ya jingina. Masu ajiye mota a harabar majami'a ran Lahadi su ma za su gode wa wannan.

Akwai lissafin da ya kamata a yi. Alam ba ya barci, yana shan wuta dare da rana, a ce miliamfiya 20. A yini guda kusan rabin amfiya-awa ke nan, a kwana 30 kamar 14. Ƙaramin batir na mota yana ɗaukar kamar 45, kuma tun kafin ya kai rabi sitata ta fara nishi, balle batirin da ya sha zafi shekara biyu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 mutane da yawa sukan jingine mota mako biyu ko uku. Mai yin haka ya riƙa auna batirinsa. Cikakke yana nuna wajen 12.6, in ya sauka zuwa 12.2 ya kai rabi, in injin yana aiki kuwa ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Kunna mota a tsaye minti biyar ba ya mayar da abin da aka sha, sai an yi tafiyar kamar rabin awa. Ƙaramin faifan sola da aka yi domin batirin mota yana taimako, rana kuwa ba mu rasa ta ba. In kana so ka san abin da motar take sha a kwance, juya mita zuwa awon amfiya 10, ka sa ta tsakanin kan batir mai alamar ɗebewa da wayarsa, ƙofofi a rufe, kada kuwa ka murɗa makulli. In ya wuce miliamfiya 50 bayan motar ta natsu, akwai abin bincike.

Wasu suna tambaya game da na'urar bin sawu mai layin waya. Tana da amfani inda akwai sabis. Amma a tuna, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, aka daɗe a haka. Abin da yake dogara ga sabis yakan makance ran da aka fi bukatarsa, kuma shi ma yana shan batir.

Kafin ka mayar da robobi, gwada kome. Kunna tsaro, jira minti guda, buɗe kowace ƙofa da bonet. Gwada tada mota tana cikin tsaro, kada ta tashi. Kashe tsaro, ta tashi. Sa'an nan zare fis ɗin alam gaba ɗaya ka murɗa makulli. In ta tashi, aikinka ya yi. In ta ƙi, rile ɗinka yana juye, koma ka duba 87 da 87a. Daga nan ajiye rimot a ɗaki, ka kira uwargida da babban ɗanka, ka nuna musu maɓallin ɓoye, kowannensu ya kashe jiniyar ya tada motar da hannunsa, da rana sau ɗaya, da dare ba fitila sau ɗaya. Rimot na biyu kada ya zauna cikin mota, ya zauna wurin uwargida, a sake masa ɗan batirinsa kowace shekara. Zana hoton haɗin da ka yi a takarda, da launin kowace waya da inda ka yanka, ka ajiye tare da takardun mota domin mai gyaran da zai zo bayanka. Tukunyar kashe gobara kuwa, wadda jami'an kiyaye haɗura suke tambaya a hanya, ta kasance kusa da hannunka tun daga lokacin da ka fara mayar da kan batir.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki babur, tun da masu Boxer sun fi masu mota yawa cikin masu rubuto mana.